Barcin 'Yar Fari

Ni 'yar fari ce, kuma a wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matar da ta haife ni ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son a ɗebo ruwa kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ta dubi randa ta ce, "Wai duk gidan nan babu mai ganin abin nan ya bushe?" In ya zama dole ta ambace ni a gaban mutane, sunana "waccan". Kunyar ɗan fari ce, haka ta tarar ana yi, ita kuma ta riƙe ta fiye da kowace mace a ƙauyen. Har yabonta ake yi a kan haka.

Ban taso ina jin zafin abin ba, don ina da wadda ta tsaya mini. Ranar da aka yaye ni aka kai ni wajen kakata, wadda ta haifi uwata, a ƙauyen da ke bayan namu. Gonaki kaɗan ne tsakani, in ka tsaya a bakin rijiyarsu kana hango kukar ƙofar gidanmu. An kai ni da sunan in manta da nono in dawo, sai tsohuwa ta ce ita ba ta san wannan zancen ba. Ita nake kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Yaya nake ce mata, don haka na ji ƙannenta suna kiranta, babu kuma wanda ya gyara mini.

Gado ɗaya muke kwana da Inna tun ina tatata har na zama budurwa. Tsohuwar nan ba ta iya kwanciya ba ko kaɗan. Ga minshari, ga warin man zafi, ga ɗora wa mutum ƙafa kamar ta samu matashi. In na ture ƙafar sai ta ce, "Ƙawata, in gadon ya ishe ki ga ƙasa nan, ban ɗaure ki ba." Ni kuma in ce mata ai gadon ma ya gaji da ita. Haka za mu yi ta yi har ɗayarmu ta yi shiru. Ban taɓa sanin ana neman barci ba, na ɗauka shi yake neman mutum.

Ko da na samu makarantar koyon aikin jinya a cikin birni, barcina bai canza ba. Ɗakin kwanan ɗalibai ba ya rasa hayaniya, amma na san in hutu ya zo zan hau motar Minjibir in sauka a kan hanya, in bi ta cikin gonaki, in tarar da tsohuwa a gindin darbejiya tana jiran ta ce na rame.

Ina shekara ta biyu ta rasu. Ranar ina duti a asibiti, wayata a kashe cikin jaka. Kafin in kunna, in nemi izini, in samu mota, an riga an kai ta. Na tarar da mata cike da gida ana ta gaisuwa, Yaya tana zaune a tsakiyarsu da carbi. Na durƙusa daga nesa na ce, "Ya haƙuri?" Ta dubi tabarma ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki." Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan a kan mutuwar matar da ta raine mu mu biyu.

Daga nan barci ya ɗauke mini ƙafa. Ba zan tsaya ba da labarin dararen ba, duk iri ɗaya ne, kuma wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Da rana ne abin ya fi muni. Kai ya yi nauyi, ido ya yi ja, ana magana a aji ina jin ta kamar daga cikin rijiya. Na fara faɗa da mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata ta taɓa bokitina na yi mata tatas, har yau in mun haɗu sai ta tuna mini.

Wata safiya a ɗakin marasa lafiya na maza aka ce in yi wa wani dattijo allura a jijiya. Na ɗaure masa hannu, jijiya ta fito raɗau, sai hannuna ya kama rawa. Dattijon yana kallon allurar, yana kallon fuskata. Sistar da ke kula da mu ta miƙo hannu ta karɓi sirinjin a hankali, ta ce in je waje in sha iska. Kafin azahar magana ta kai wajen Malamar da ke riƙe da ajinmu.

Malama ba mai yawan magana ba ce. Ta sa na miƙa hannuwana biyu a gabanta, ta kalle su suna karkarwa, ta tambaye ni yaushe rabona da barcin kirki. Na faɗa mata. Ta ce, "Ga hutu nan ya zo. In kin dawo zan sake duba hannun nan. In yana nan yadda yake, ba zan bar ki ki taɓa majinyaci ba, kuma ba za ki zauna jarrabawa da 'yan ajinku ba. Sai ki je gida ki huta shekara." Ta ƙara da cewa in ta ji na je kemis na sayi ƙwayar barci da kaina, ita da ni ne.

Na san gidanmu. Wadda ta dawo ta zauna shekara ba ta komawa. Babu wanda zai hana ni da baki, za a ce dai ai an gwada, Allah bai yi ba, shi ke nan. Inna ce ta tsaya kai da fata har aka bar ni na tafi, ga shi kuma babu ita.

A satin Malama ta tara mu duka a ɗakin gwaji, don ashe ba ni kaɗai ba ce, dutin dare da fargabar jarrabawa sun hana da yawa barci. Ta sa aka ture gadajen gefe, har da 'yar tsanar robar da muke koyon allura a jikinta, aka shimfiɗa tabarmi, ta ce kowa ta kwanta rigingine. 'Yan mata suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Ta jira har suka gama, sannan ta fara da wata murya mai sanyi da ba mu san tana da ita ba. A ja numfashi ta hanci har ciki ya cika, a ɗan riƙe, a sake shi ta baki a hankali. A dunƙule yatsun ƙafa da ƙarfi, a riƙe, a saki. A ɗaure ƙwauri, a saki. Cinya, ciki, tafin hannu, a ɗaga kafaɗa har ta kusa taɓa kunne, a yamutsa fuska, kowanne a riƙe sannan a saki, mutum ya saurari yadda wurin ya yi laushi. Ta ce jiki ya manta yadda ake sakewa ne, sai an tuna masa gaɓa gaɓa. Ta ce a riƙa yi har da rana don jiki ya saba, kuma a farko ya fi kyau wata ta riƙa faɗa miki, ke naki bi kawai, don wadda ke ba da umarni kanta a farke yake.

Kafin ta kai kafaɗa wasu sun yi nisa, har da mai minshari. Ni ma ranar na ji wani abu ya kusa zuwa, sai aka buga ƙararrawa.

A ɗakin kwana kowa ta kama ƙawarta, wannan ta yi wa wannan. Ni ban da ƙawa a lokacin, na riga na kore su da baƙin rai. Wata mai kirki ta ce za ta yi mini, ta zauna a bakin gadona, ta fara, da ta zo "ki yamutsa fuska" ta dube ni ta fashe da dariya, ta ce ai tawa a yamutse take tun asali. Ban sake neman kowa ba. Na ɗauki muryata a waya na saurara, na ji wata yarinya mai ƙwaƙwazo tana ba ni umarni, na goge.

Hutu ya zo a ƙarshen bazara, an yi ruwan farko an shuka gero. Na sauka daga mota, ƙafata ta ɗauki hanyar gidan Inna da kanta, sai da na yi nisa na tuna. An riga an ba matar kawuna ɗakin, an fitar da gadon. Na juya na bi ta gefen gonaki, ina kauce wa jakunan da ke kai taki, na shiga gidan da aka haife ni da jaka a hannu kamar baƙuwa.

An share mini wani ɗaki da ake ajiye buhunan hatsi, an sa katifa da labule. Ƙannena mata a ɗakin Yaya suke kwana, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ina jin su suna hira, ana yi musu faɗa, suna dariya, tana kiran kowacce da sunanta. Ba su ƙi ni ba, girmama ni suke yi, su gaishe ni a durƙushe su kawo mini abinci su fita. Baba ma haka, kunyar ta shafe shi, daga zaure yake amsa gaisuwata. Da ya ji ba na barci ya karɓo rubutu, kullum da safe in tarar da kwano a rufe a ƙofar ɗaki. Ina sha da bisimilla, ina kuma jin daɗin ya tuna da ni. Amma wallahi a gidan nan sai in wuni ban yi maganar da ta wuce "lafiya lau" ba. Kaɗaici ya ishe ni, ga mutane ko'ina.

Sai na kama abin da Malama ta koya mana, tunda shi kaɗai ya rage mini. Bayan azahar, in maza sun koma gona yara sun tafi islamiyya, gida ya yi tsit, sai in saki labule in kwanta rigingine. Da na ga yi a zuci ba ya tafiya, tunani yana kwashe ni, sai na fara faɗa a fili. "Ki dunƙule yatsun ƙafa. Ki riƙe. Ki saki." Ni ce mai faɗa, ni ce mai bi. Jikin yana ɗan sakewa, amma bakin da ke magana idonsa biyu, in na yi shiru kuma sai komai ya dawo.

Ban jima da farawa ba na lura da wani abu. Da zarar na ɗaga murya, sai hayaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin labule. Warin tazargade ne, wanda ake turara wa mai zazzaɓi ko wanda ake zargin iska ta taɓa shi. In na leƙa sai in ga kasko da garwashi a ƙofar ɗaki, babu kowa. Na ɗauka don sauro ne, na share. Sai ranar da na fito zan zaga bayi na ji Yaya tana magana da maƙwabciyarmu ta kan katanga, murya ƙasa ƙasa.

"Waccan dai sai addu'a," in ji ta. "Da rana tsaka sai ta rufe ɗaki tana magana da ƙafarta."

Maƙwabciyar ta ce, "Subhanallahi. Ko dai abin asibitin nan ne, sun cika ganin gawa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato ina nan ina fama in ceci karatuna, an mayar da ni mai taɓin hankali, har an fara kai labarina ƙetaren katanga. Kuma bango ɗaya ne tsakaninmu, ba za a iya ɗaga labule a ce mini "me ke damun ki" ba.

Da yamma tana tuƙa tuwo a gindin murhu, ita kaɗai. Na je na tsaya a kanta, abin da ban taɓa yi ba. Ban iya duban fuskarta ba ni ma, tukunyar na duba.

"Ba hauka nake yi ba," na ce. "Barci nake nema. Tun da Inna ta rasu ban yi barcin kirki ba, hannuna rawa yake yi, an ce in na koma a haka za a dakatar da ni. Abin da ake ji ina faɗa a makaranta aka koya mana, magani ne. Ana matse gaɓa a saki, daga ƙafa har fuska. Kuma ba ni ya kamata in riƙa faɗa ba, wani ne zai faɗa ni in bi. Ba ni da wanin ne, shi ya sa nake yi wa kaina. A daina yi mini hayaƙi, tari yake sa ni."

Muciya ba ta tsaya ba. Na ƙara da abin da ya fi ci mini rai.

"Kowa ya zo ya yi wa Yaya gaisuwa. Ni babu wanda ya yi mini. Ni ma uwata ce ta mutu."

Ta ci gaba da tuƙi. Can ta ɗebi gari ta barbaɗa, ta ce wa tukunyar, "Tuwon nan ya yi ruwa." Na koma ɗaki na yi kuka mai isata. Na yanke a raina gobe ba zan sake wahalar da kaina ba, in shekarar ce a ba ni in zauna.

Washegari bayan azahar na kwanta don zafi, ba don wani abu ba. Hadari yana ta haɗuwa yana watsewa, kwanon rufi yana ƙara. Babu hayaƙi. Sai na ji an ja kujera 'yar tsugunne an ajiye a jikin bangon ɗakina, dab da ƙofa, ta waje. Na ji an zube wani abu a faifai, sai ƙas, ƙas, ɓarar gyaɗar iri da za a shuka. Na san hannun Yaya ne, ita kaɗai ce a gidan. Na yi tsaki a zuci na juya wa ƙofa baya.

Ta yi gyaran murya.

"Mutum ya kwanta rigingine," in ji ta.

Ban motsa ba, na ɗauka kunnena ne. Ta sake faɗa, wannan karon da 'yar tsawa, irin muryar da take kora awaki da ita daga kan shanya. Na juya na kwanta rigingine.

"A ja numfashi. A sake shi." Ƙas, ƙas. "A dunƙule yatsun ƙafa."

Na dunƙule. Na riƙe, na riƙe, ita kuma ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta manta da sauran. Sai da ƙafata ta fara ɗaurewa sannan ta ce, "To a saki mana." Dariya ta taso mini ta haɗu da kuka, na danne su duka don kar ta ji ta tashi.

Ashe duk kwanakin nan da take ajiye kasko tana tsayawa ta saurara, har ta haddace. Ba ta haddace daidai ba. Ta tsallake cinya, ta kai ni kafaɗa ta dawo da ni ciki, ta ƙaro nata da babu a makaranta, wai a saki haƙora, a saki gira. Muryarta babu sanyi irin na Malama ko kaɗan, kuma ba ta ce "ki" ba ko sau ɗaya, da mutum take magana, wani mutum can da ba ta sani ba. Amma ba ni ce mai faɗa ba. Nawa bi kawai. Hawaye yana gangarowa yana shiga kunnena, ina matsewa ina saki. Na tuna ta ce a ɗaga kafaɗa. Ban tuna ta ce a sauke ba.

Da na buɗe ido hasken da ke jikin labule ya yi ja, zafi ya sauka. Jikina ya yi nauyi irin mai daɗi, miyau ya jiƙa matashi. Na daɗe ban san inda nake ba. Gidan shiru, babu daka, babu hayaniyar yara, alhali lokacinsu ya yi. Sai na ji murya a jikin bango, a dishe, da ƙyar take fita.

"A dunƙule yatsun ƙafa. A riƙe. A saki."

Ba a ɓarar gyaɗa, ta ƙare tuntuni. Ta ƙasan labule ina hango gefen tabarmar sallarta, nan ta yi la'asar ta koma kan kujera. A faɗan da na yi jiya na faɗi yadda ake farawa, ban faɗi cewa in mutum ya yi barci ana dainawa ba. Ita kuma ba za ta ɗaga labule ta leƙa 'yar farinta ba, ba za ta tambaya ko na yi barci ba. Tana tsoron in ta yi shiru in farka. Sai ta yi ta zagayawa, in ta kai fuska ta koma ƙafa, tun azahar har rana ta kusa faɗuwa.

Barcin bai dawo gaba ɗaya a ranar ba, amma daga ranar ya san hanya, kuma da na koma Malama ta riƙe hannuwana ta kalle su, ta ce in je in sa farin kayan aiki in koma wajen majinyata. Wannan daga baya ne. A lokacin ina kwance ne ina sauraron wannan disasshiyar murya, na san ya kamata in yi motsi ta huta. Ban yi ba. Tun da aka haife ni ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon haka ba, kuma ban san ko za ta sake ba. Na bar ta ta bi ƙwauri, ta bi ciki, ta kai tafin hannu, ina bi a hankali kamar mai barci. Sai da ta kai kafaɗa, muryar ta ƙi fita, sannan na yi tari.

Ta yi shiru. Na ji ta tattara faifai, kujera ta yi ƙara, gwiwoyinta suka amsa da ta miƙe.

"Wani dai bai yi la'asar ba," ta ce wa tsakar gida, ta wuce wajen murhu tana jan ƙafa.